Harsunan Ƙasar Damagaram

Ranar Alhamis ce babbar ranar kasuwa a Damagaram. Tun da sassafe mutane suke kwararowa cikin gari, waɗansu a mota, waɗansu a amalanke, waɗansu a ƙasa da kaya a ka. Wata Alhamis, in kun sami sarari, ku bi ta kasuwar Dole. Ba saye za ku yi ba. Ku rufe baki, ku buɗe kunne.

Ga wata Bafillata zaune da ƙwaryar nono a gabanta. Da Hausa take ciniki. Amma da ƴar'uwarta ta iso, sai ta juya harshe, ba ku jin kome sai « jam, jam ». Gaba kaɗan ga mai rawani ya kasa cuku da gishirin Balma. Abokinsa ya gaishe shi, ya amsa da « alher ghas », watau sai alheri. Can ga wani dattijo daga wajen Gure da buhunan kanwa. Duk wanda ya zo daga ƙasarsu sai ya tarye shi da « wushe, wushe ». A wajen dabbobi akwai Tubawa da Larabawa da suka koro raƙuma daga Taskar. Wani ma'aikaci da aka turo daga Yamai ya gamu da ɗan garinsu, suna ta « fofo ». Mai sayar da kayan mota ɗan kudancin Najeriya ne, yana yi wa yaronsa faɗa da harshen Ibo. Takardar da mai karɓar haraji ya ba shi da Faransanci aka rubuta ta. Sai ga ladan yana kiran salla da Larabci.

To, ku ƙidaya. Harshe nawa ke nan a kasuwa ɗaya, a wuni ɗaya?

Amma ku lura da abu guda. Duk waɗannan mutane, in ciniki ya haɗa su, da Hausa suke yi. Bafillata da Batube ba su jin harshen juna. Hausa ce take shiga tsakaninsu.

Wa yake zaune ina?

Jahar Damagaram babba ce. A ƙidayar 2012 an sami mutum fiye da miliyan 3 da rabi a cikinta, ba jahar da ta kai ta yawan jama'a a Nijar a wannan ƙidaya. Mafi yawansu Hausawa ne manoma, musamman a kudu: Magarya, Dungas, Kance, Matamai, Mirya. A gabas, wajen Gure da ƙasar Muniyo, Barebari ne suka fi yawa, waɗanda ake kira Mangawa. Akwai kuma ƴan'uwansu Dagirawa a Kutus da Damargu. A arewa, wajen Tanut, Hausawa da Dagirawa da Abzinawa suna zaune a cuɗe. Can arewa maso gabas, daga Taskar zuwa duwatsun Tarmit, ƙasar makiyaya ce, Tubawa da Larabawa. Fulani kuwa ba a yi musu iyaka, duk inda ciyawa da rijiya suke za a same su.

Sunayen nan da muka ambata, Hausawa ne suka sa su. Kowace al'umma tana da sunan da take kiran kanta. Barebari suna ce wa kansu Kanuri. Fulani suna cewa Fulɓe, mutum ɗaya kuma Pullo. Waɗanda muke kira Abzinawa ko Buzaye suna cewa su Kel Tamajak ne, watau masu harshen Tamajak. Tubawa kashi biyu ne, Teda da Daza. Mu ma an sa mana suna. Babarbare yana ce wa Bahaushe Afuno. Bafillace yana ce masa Kaɗo. Ladabi shi ne ka san sunan da mutum yake kiran kansa, ka kira shi da shi.

Yadda aka taru

Wannan cuɗanya ba yau ta fara ba. Sarautar Damagaram kanta da harshe biyu ta tashi.

Wajen shekarar 1730 wani malami mai suna Malam Yunus ya zo daga Barno ya zauna a wannan ƙasa. Zuriyarsa ce ta kafa sarauta. Su Barebari ne, talakawansu kuwa akwai Hausawa da Dagirawa. A farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ya mai da fadarsa garin da ake rubutawa Zinder a taswira, mu kuma muke kira Damagaram. Ɗansa Tanimun ya yi fiye da shekara 30 yana sarauta, ya rasu a 1884. Shi ya ja ganuwa ya kewaye Birni, ya sa aka ƙera masa igwa a nan cikin gari, ya faɗaɗa ƙasa. A wannan zamani Damagaram tana kai gaisuwa Kukawa, wurin Shehun Barno.

Ku tsaya ku yi tunanin fadar Tanimun da hantsi. Manzon Shehu ya iso daga Kukawa, Barbarci yake yi. Madugun Kel Ewe ya sauka a Zango da raƙuma ɗauke da gishiri da dabino, Tamajak yake yi. Wani attajiri daga Gadamas ko Tarabulus yana son a ba shi fatu da gashin jimina, Larabci yake yi. Fataken Kano sun kawo turkuɗi da baƙi, da Hausa suke magana. Arɗo ya kawo ƙarar an hana shanunsa ruwa, da Fulatanci zai faɗi damuwarsa. In sarki zai aika da wasiƙa, malamin fada ne zai rubuta ta da Larabci. Sarkin da ba shi da masu jin harsuna a kusa da shi ba zai iya riƙe irin wannan gari ba. Shi ya sa tafinta yake da daraja. In ya gyara magana a rabu lafiya, in ya karkata ta a yi faɗa.

Unguwannin garin ma shaida ne. Birni wurin sarki ne da fadawa. Zango kuwa masaukin ayari ne, nan baƙi ƴan kasuwa suke sauke kaya, har waɗansu suka yi gida suka yi aure. Jikokinsu suna nan. Da yawa daga cikinsu Hausa kaɗai suke ji yanzu.

Gidan sarauta ma haka ya zama. Sarakuna sun zauna cikin Hausawa, sun auri Hausawa, ƴaƴansu suka tashi da harshen iyayensu mata da na abokan wasansu. Sannu a hankali Hausa ta zama harshen fada. Amma Barbarci bai fita ba sai da ya bar sawunsa. Ku saurari sunayen sarautu: Ciroma, Yarima, Galadima, Kaigama, Kacalla, Magira. Duka daga Barno suka zo.

Baƙin da ke cikin bakinmu

Yanzu bari mu yi wata ƴar gwaji. Ku karanta wannan jimla:

« Ran Talata kawu ya hau raƙumi ya tafi kasuwa, ya sayo wa mushen lakwal takarda da agogo. »

Kowa ya gane ta. Hausa ce sosai, ba wanda zai ce ba Hausa ba ce. Amma in muka bi kalmominta ɗaya ɗaya, za mu tarar yawancinsu baƙi ne da suka daɗe har suka zama ƴan gida.

Talata daga Larabci take. Asalinta « uku », domin ita ce rana ta uku in an fara ƙidaya daga Lahadi. Haka Litinin biyu ce, Laraba huɗu, Alhamis biyar. Larabci ya ba Hausa kalmomi masu yawan gaske, ta hanyar addini da karatu da ciniki: littafi, allo, alƙalami, alƙali, lafiya, duniya, hankali, albasa. Ashirin da talatin da arba'in har zuwa tis'in duka nasa ne. Kafin su zo, Hausawa gomiya biyu da gomiya uku suke cewa, har yanzu kuma akwai tsofaffin da suke ƙidaya haka.

Kawu daga Fulatanci yake, shi da baffa da gwaggo. Ku duba abin mamaki: har sunayen da muke kiran danginmu na aro ne. Wannan yana nuna auratayya ta daɗe tsakanin Hausawa da Fulani. Sauran abin da Fulatanci ya ba mu yawanci na kiwo ne, kamar ruga da burtali da kindirmo da arɗo da sharo.

Raƙumi da takarda daga wajen Abzinawa suka shigo. Tare da su akwai takobi, akala, amale, azurfa, tozali. In kun jera waɗannan kalmomi kun ga kayan ayari ke nan: dabbar da ake hawa, igiyar da ake jan ta, makamin da ake rataye, da hajar da ake ɗaukowa.

Kasuwa fa? Ita tafiyarta ta fi nisa. Larabawa suna cewa « suk ». Barebari suka ɗauka suka ƙara mata « ka » a gaba, suka ce « kasuwu ». Daga bakinsu Hausawa suka karɓa. Masana harshe sun nuna cewa karatu da rubutu da birni su ma ta hannun Barebari suka iso mana. Ashe ke nan malaman Barno suna cikin waɗanda suka fara koya wa Hausawa riƙe alƙalami.

Agogo daga Yarbanci yake, shi da ashana da keke da akawu. Fatake ne suka kawo su daga kudu.

Mushe da lakwal su ne ƙananan baƙi, ba su daɗe da sauka ba. Daga Faransanci suke. Irinsu suna da yawa a Hausar Nijar: kaye, bik, biro, kamiyo, belo, parmi, kumandan, kartiye. In kun tsallaka iyaka kuka ce wa ɗan Kano « mushe », zai zaci dabbar da ta mutu ba yanka kuke nufi. Shi malamin makaranta zai ce, ko ticha, domin Hausarsa daga Ingilishi ta yi aro. Ku yi hankali da wannan kalma in kun je Daura ko Kano!

Waɗansu suna jin kunyar aro, suna cewa yana ɓata harshe. Ni ban yarda ba. Harshen da ba ya aro, harshen mutanen da ba su zuwa ko'ina ne, ba kuma mai zuwa wurinsu. Faransanci ma cike yake da kalmomin Larabci da na Ingilishi. Kuma aron ba gefe ɗaya yake bi ba. Ku saurari Mangawa ko Abzinawa ko Zabarmawa suna hira, za ku tsinci kalmomin Hausa a ciki. Abin da ba shi da kyau shi ne mutum ya jefar da kalmar da yake da ita, ya ɗauko ta wani don a ce ya waye.

Harsuna ma suna da dangi

Aro daban, dangantaka daban. In maƙwabcinka ya ba ka riga, ba ku zama ƴan'uwa ba. Ƴan'uwa su ne waɗanda suka fito daga kaka ɗaya, ko da ba su san juna ba. Harsuna ma haka suke.

Hausa da Tamajak da Larabci dangi ne na nesa. Dubban shekaru da suka wuce harshe ɗaya ne, sa'an nan masu shi suka watse. Ga alamu. Muna cewa « suna », Balarabe yana cewa « ism », Ba'abzine yana cewa « esəm ». Muna cewa « mutu », Balarabe « mata », Ba'abzine « əmmət ». Muna tambaya da « me », su biyun suna tambaya da « ma ». Babbar alama kuwa ita ce harafin t na mace. Mu muna cewa ya zo, ta zo. Balarabe yana cewa « yaktubu » in namiji ne yake rubutu, « taktubu » in mace ce. Ba'abzine yana kiran raƙumi « aləm », taguwa kuma « taləmt », ya sa mata t gaba da baya. Waɗannan ba aro ba ne, gado ne. Harshen Buduma, mutanen tsibiran tafkin Cadi, ya fi su duka kusa da Hausa.

Barbarci kuwa, duk da daɗewar zamansa da Hausa, ba danginta ba ne. Ɗan'uwansa shi ne Tubanci. A Barbarci ba a raba namiji da mace a magana. Kalma ɗaya ce, « shi », take tsaya wa namiji da mace duka. Kuma aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa, kamar a ce « Ali kasuwa ya tafi ». Saboda haka in kun ji tsohuwa Bamanga ta ce « matata ya zo » ko « yarinya ya tafi », kada ku yi dariya. Ba rashin wayo ba ne. Ƙa'idar harshenta ce take bi. Ita tana magana da harshe na biyu. Mai dariyar sau da yawa ɗaya kaɗai gare shi.

Fulatanci danginsa suna can yamma, a Senegal, wajen Wolof da Serer. Yana da wata dabara da ke ba mai koyo wuya: in kalma ta koma jam'i, har farkonta yakan sauya. Namiji « gorko », maza « worɓe ». Mace « debbo », mata « rewɓe ». Zabarmanci shi ma gidansa daban, tare da harsunan Gawo da Tumbutu.

Ga ƙidaya daga ɗaya zuwa uku, da sunan ruwa. Furuci yakan ɗan sauya daga gari zuwa gari.

Hausa: ɗaya, biyu, uku. Ruwa.
Barbarci: tilo, indi, yakkə. Nji.
Fulatanci: go'o, ɗiɗi, tati. Ndiyam.
Tamajak: iyan, əshin, karad. Aman.
Zabarmanci: afo, ihinka, ihinza. Hari.

Hausar kanta ba iri ɗaya ba ce. Tamu ta Damagaram ta fi kusa da ta Daura da Kano. In kun je Tawa ko Gobir za ku ji « shina zuwa » maimakon « yana zuwa », « munka tahi » maimakon « muka tafi », « hwari » maimakon « fari ». Wannan shi ake kira karin harshe. Ba wanda ya fi wani zama Hausa.

Labarin Dorugu

Akwai wani ɗan ƙasar nan da ya kamata kowane ɗan makaranta ya san sunansa. Sunansa Dorugu. An haife shi wajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance. Yana yaro aka kama shi a wani hari, aka raba shi da iyayensa, aka kai shi Barno a bauta. A Kukawa wani Bajamushe matafiyi mai suna Overweg ya fanshe shi. Da Overweg ya rasu a 1852, sai Dorugu ya koma hannun abokin tafiyarsa, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdul Karim.

Barth mutum ne mai son harsuna. Duk inda ya sauka sai ya fito da littafinsa yana tambaya: yaya kuke kiran wannan? yaya kuke kiran wancan? Ya iya Larabci, ya koyi Hausa da Barbarci da waɗansu. A ƙarshen Disamba 1852 ya iso Damagaram ta hanyar Gure, Dorugu yana tare da shi. Suka yi wajen wata guda a nan, sa'an nan suka wuce Katsina da Sakkwato da Sayi har Tumbutu. A 1855 suka ƙetare hamada zuwa Tarabulus, daga nan sai Ingila.

A Ingila Dorugu ya zauna wurin wani malamin mishan mai suna Schön. Yaron yana ba da labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da Hausa, Schön yana rubutawa da haruffan boko. Da taimakon maganar Dorugu Schön ya wallafa nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da littafin Magana Hausa a 1885. Watau Hausar da Turawa da yawa suka fara karantawa, Hausar wani yaro ce ɗan ƙauyen Kance. Dorugu ya komo Afirka daga baya. Ya rasu a Kano a 1912.

Ku duba wannan rayuwa. An ƙwace masa gida da iyaye. Abin da ba a iya ƙwacewa ba shi ne harshen da uwarsa ta koya masa, kuma shi ne ya sa har yau ake ambatonsa.

Faransanci da makaranta

A 1898 wani hafsan Faransa, Kyaftin Cazemajou, ya iso Damagaram. Aka kashe shi, shi da tafintansa, a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A 1899 sojan Faransa suka zo suka ci yaƙi a Tirmini, suka kama gari. Daga 1911 zuwa 1926 Damagaram ce babban birnin ƙasa, kafin a mai da shi Yamai. Tun daga nan wani sabon harshe ya hau bisa sauran. Da Faransanci ake shari'ar Nasara, da shi ake rubuta haraji, da shi ake samun aikin biro.

A lakwal ta wancan zamani an hana yaro magana da harshen gidansu. Akwai wani abu da ake kira sambol, wani lokaci ƙashi ne, wani lokaci guntun itace ko gwangwani a igiya. Duk wanda aka ji ya yi Hausa ko Barbarci sai a rataya masa. Shi kuma ya dinga kasa kunne ya kama wani, ya sauke masa. Wanda sambol ya kwana a wuyansa zai sha hukunci. Wannan al'ada ba ta tafi tare da Turawa a 1960 ba, ta daɗe bayansu. Ku tambayi kakanninku da suka yi lakwal. Abin da ya fi ciwo a cikinta ba bulala ba ce. Yaro yakan tashi yana ganin harshen uwarsa abin kunya ne, abokinsa kuma ya zama ɗan rahoto.

A 1966 masana suka taru a Bamako, suka daidaita haruffan rubuta Hausa da Barbarci da Fulatanci da Tamajak da Zabarmanci. Ba wannan ne farkon rubuta su ba. Malamai sun daɗe suna rubuta Hausa da Fulatanci da ajami, Abzinawa kuma suna da nasu haruffa na tun kaka da kakanni, Tifinag, waɗanda mata suke koya wa yara a kan rairayi. Amma taron Bamako ya buɗe hanyar buga littattafan makaranta. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar, inda yaro yake fara karatu da harshensa kafin ya shiga Faransanci. A nan Damagaram aka buɗe ta, da Hausa. Daga baya aka yi irinta da sauran harsunan nan huɗu. Littafin da ke hannunku jikan wannan makaranta ne.

Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa guda 10: Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak, Barbarci, Tubanci, Larabci, Gurmanci, Buduma da Tasawak. A watan Maris 2025 hukuma ta fitar da sabon kundi wanda ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki ne.

Babban itace da na ƙarƙashinsa

Mai jin Hausa zai yi murna da wannan, kuma yana da dalili. Amma akwai abin da ya kamata ya sani. Gawo yana barin hatsi ya yi kyau a gindinsa. Waɗansu itatuwa kuwa inuwarsu ba ta barin kome ya tsiro. Harshe mai ƙarfi yana iya zama ko wannan ko wancan.

Ga misali a ƙasarmu. A 1850, da Barth ya shiga Agadas, ya tarar mutanen garin suna da wani harshe nasu, ɗan'uwan Zabarmanci, har ya rubuta kalmominsa. Yau ba mai yin sa. Hausa da Tamajak sun maye gurbinsa. Ɗan'uwansa na kusa, Tasawak, shi ne ya saura a Ingal, a bakin mutane ƙalilan. Ba wanda ya kafa doka ya hana harshen Agadas. Iyaye ne suka daina yi wa ƴaƴansu magana da shi, gida bayan gida, har tsofaffin da suka iya suka ƙare.

Irin wannan yana faruwa a ko'ina cikin duniya. Can ƙetaren teku, a Amurka ta Kudu, akwai wata ƙasa mai suna Gayana. Ita ma taron al'ummu ce: jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka, da jikokin leburorin da aka fara kawowa daga Indiya a 1838, da ƴan asalin ƙasar masu harsunansu. A bakin kogin Barbis an yi wani harshe da ya haɗa kalmomin Holanci da na Ijo, mutanen kudancin Najeriya. Bayi ne suka ƙetare teku da waɗannan kalmomi, jikokinsu suka riƙe su shekaru ɗaruruwa. Tsohuwa ta ƙarshe da ta iya harshen sosai ta rasu a 2005.

Barbarci da Fulatanci da Tamajak ba su kai nan ba, masu yin su miliyoyi ne. Amma a cikin garin Damagaram, da ƙauyukan Dagirawa da yawa, ana ganin alamar. Kaka tana jin Barbarci sosai. Uwa tana ji, amma da Hausa take amsawa. Jika ba ya jin kome sai gaisuwa. Ran da kakar ta rasu, tatsuniyoyinta da waƙoƙin daka da sunayen itatuwa da na magunguna da ta sani duk sun bi ta. Waɗansu ana iya juya su da Hausa, waɗansu ba su juyuwa.

A cikin ajinku ma watakila akwai wanda ba Hausa ake yi a gidansu ba. Ku da kuka tashi da Hausa harshe ɗaya kuke koyo sabo, Faransanci. Shi biyu yake fama da su a lokaci guda. In ya yi shiru a aji, ba lalle ne don bai san amsa ba.

Kakanninmu sun san zaman tare yana kawo saɓani, sai suka yi masa magani da wasa. Babarbare da Bafillace abokan wasa ne. In sun haɗu, kowa yana cewa shi ne ubangijin ɗan'uwansa, a yi ta ba'a, kowa ya kwaikwayi maganar wani, a rabu da dariya, kuma haramun ne a yi fushi. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan wasan taubasai na Nijar cikin al'adun da duniya take tattali. Amma wasan yana da ƙa'ida: tsakanin tsara yake, kowa yana da bakin ramawa. Yara goma su taru a kan yaro ɗaya suna kwaikwayon Hausarsa har ya daina magana, wannan ba taubasantaka ba ce.

Ma'anar kalmomi

Tafinta: mai juya magana daga wani harshe zuwa wani.
Ayari: taron fatake masu tafiya tare da dabbobin kaya.
Igwa: babbar bindiga mai harba dunƙulen ƙarfe.
Aikatau: kalmar da ke nuna aiki a jimla, kamar tafi, ci, rubuta.
Karin harshe: yadda mutanen wani yanki suke furta harshen da suka haɗa da waɗansu.

Tambayoyi

1. Waɗanne harsuna ake ji a fadar Damagaram a zamanin Tanimun? Wane ne yake yin kowanne?
2. Mene ne bambancin aro da gado a harshe? Kawo misali ɗaya ɗaya.
3. Don me Bamange yakan ce « yarinya ya tafi »?
4. Ta wace hanya kalmar kasuwa ta shigo Hausa?
5. Yaya aka yi harshen mutanen Agadas ya ɓace?

Aiki

A ajinku, ku rubuta a babban allo sunayen harsunan da ake yi a gidan kowa, har da na kakanni. Wanda yake jin wani harshe ya koya wa sauran gaisuwar safe da amsarta, ya kuma gyara jerin ƙidayar da ke sama in furucin garinsu ya bambanta.

A gida, ka sami tsoho ko tsohuwa mafi shekaru a danginku. Ka tambaye shi harshen da kakansa yake yi, da garin da ya fito. Ka roƙe shi kalmomi 10 da yara ba su faɗi yanzu, ko na Hausa ko na wani harshe. Ka rubuta su a kaye tare da ma'anarsu da Hausa da Faransanci, ka kawo ran Litinin.